Igiya Mai Ƙulli Biyu

Shekaranjiya ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidana, sai na ji samarin unguwarmu suna hira. Ɗayansu yana cewa wai shi ma zai fara kai baƙi dutse, tunda aikin bai wuce ka shiga gaba a biyo ka ba. Har da ƙari, wai da ya san da yawo ake cin abinci da tuni ya jingine fartanya. Na yafito su na ce su zo su zauna. Tun zamanin En'e nake ja-gorar baƙi cikin duwatsun nan na bayan Roni, har gwiwa ta ce ta gaji, kuma ban taɓa jin wanda ya yi aikin da ƙafarsa ya kira shi yawo ba.

Ga yadda tafiyar take. Ana fita daga gari bayan sallar asuba, da hantsi a iso rugar da ke bakin kwazazzabon da muke kira Maƙogwaro. A bi ta cikinsa a hau, a wuce tafkuna biyu ƙanana, a iso na ukun da ke can ƙoli, wanda ake ce wa Idon Dutse, shi ne ba ya ƙafewa. A yi azahar a can, a juyo, kafin la'asar sakaliya a fito ta inda aka shiga. Yini ɗaya ke nan. Baƙo ya koma gida yana ba da labari, kai kuma ka koma kana cire ƙaya.

A hannun Kawu Ilu na koya, ƙanin mahaifiyata, tsohon maharbi da ya rataye kwari. Damina uku ina bin sa da salka a kafaɗa bai bar ni na shiga gaba ba ko sau ɗaya. Muna cikin tafiya sai ya tsaya ya ce, "Juya. Me ka gani?" In na ce dutse na gani, sai ya ɗan taɓa ni da sanda a ƙwauri, ya ce jaki ma dutsen ya gani. Abin da yake so in gane shi ne hanya fuska biyu gare ta, yadda take in za ka daban, yadda take in za ka dawo daban. Yawancin waɗanda suka ɓata a Maƙogwaro a dawowa suka ɓata, don ba su taɓa waiwayawa sun ga bayan hanyar ba.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Sandar gora wadda ta fi ka tsawo, don ka riƙa tura ta gaba cikin ciyawa, kuma ka miƙa wa baƙo a wurin tsallake. Hannu ba a miƙawa, in ya zame da kai zai tafi. Salka, ƙaramin gatari, ƙyastu, gumba a burgami, goro, da ɗan ƙullin kanwa saboda mai murɗar ciki. Takalmi na fata mara ƙusa. Akwai wani Bature mai auna ƙasa da na taɓa kaiwa, ya zo da takalma masu ƙusoshi a ƙasa, yana taku ƙwas-ƙwas kamar doki. Muna hawa falalen farko ya zame ya zauna daɓas. Na roƙe shi ya cire su, ya ƙi. Da ya zauna na biyu, shi da kansa ya kwance su ya rataya a wuya, ya ƙarasa hawan da safa.

Baƙi iri-iri ne. Akwai Turawa masu neman tsuntsaye, akwai masu magani da ke neman saiwar da ba ta fitowa sai a tsagin dutse, akwai malamai masu son wurin da babu hayaniya, akwai kuma 'yan boko da suka ga hoton dutse a littafi. Tun daga ƙofar gari kake karanta mutum. Wanda ya cika surutu a miƙaƙƙiyar hanya, shi zai fara neman wurin zama a hawa. Wanda ya shanye rabin ruwansa kafin hantsi, sai ka karɓi gorar ka riƙe masa, cikin ladabi. Wani attajiri daga Ɓaɓura ya taɓa zuwa ya sha turare tun daga hula har takalmi. Na ce, "Alhaji, akwai zuma a bangon kwazazzabon nan, kuma ba ta son ƙamshi." Ya ce shi turarensa na Makka ne. To, zumar ba ta san Makka ba. A ranar na san attajiri ma yana iya gudu.

Duk wannan abin da ido ke gani ne, kuma wanda ke da natsuwa zai koya. Abin da ya riƙe aikin wani abu ne daban, igiya ce ta rama da ba ta fi kamu biyu ba.

A bakin Maƙogwaro akwai rugar Jauro Buba. Kusa da garkensa akwai wani gwafa da aka kafe tun kafin a haife ni. Duk ja-goran da zai shiga sai ya tsaya a nan, ya ƙulla igiyarsa ƙulli ɗaya ga kowane mutum, har da shi kansa, ya rataya a gwafan. In ya fito, ya kwance da hannunsa. Ba a aiko wani ya kwance, ba a aiko sallahu a ce an fita, mutanen ruga ma ba sa taɓa ƙullin wani. In la'asar sakaliya ta yi igiya na nan da ƙullinta, mazan rugar za su ɗauki sanduna su shiga nema. Ba biyan su ake yi ba. Alkawari ne tsakanin mahaifin Jauro da maharban zamanin da, aka gada. Ranar da Kawu Ilu ya ba ni tawa igiyar ya ce, "Audu, kowane ƙulli da ka yi, ka ɗaure ƙafar mutum biyu, don mutum biyu ke ɗauko wanda ya karye. Kada ka ɗaure ƙafar mutane ka tafi ka bar su." Na ce na ji. Shekara da shekaru kuwa ina kwance igiyata kan kari, ba a taɓa shiga nemana ba, har abin ya fara shiga kaina.

Sai shekarar farin nan ta zo. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, kafin bazara rijiyoyi sun koma laka. Fulani da yawa suka kora suka yi kudu. Jauro Buba ya zauna, saboda ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga Idon Dutse zuwa bakin kwazazzabon. Ruwa akwai, ciyawa ce babu. Ganyen gawo da marke suke sassabo wa shanu, har itatuwan suka koma kamar an yi musu aski. Saniya in yunwa ta ci ta, takan kwanta ta kasa tashi da kanta, sai an ɗaga ta. Kawu Ilu ya riga ya rasu a lokacin, ni ne babba a aikin.

Aikin da nake son ku ji shi ne na Malam Haruna. Malamin makarantar boko ne daga Kano, ya zo Kazaure hutu wajen surukansa, ya ji ana labarin tafkin da ke kan dutse wanda fari bai taɓa shi ba, ya ce sai ya gani da idonsa. Ya kwana a Roni, da asuba muka fita mu biyu. Mutum ne mai ladabi, ga akwatin ɗaukar hoto a wuya, in zai yi tambaya sai ya ce a gafarce shi.

Da hantsi muka iso ruga muka tarar da mazan duka huɗu a kan saniya ɗaya, Jauro da babban ɗansa Sambo da 'ya'yan ƙaninsa biyu. Su ke nan mazan da suka rage. Sun zura itace biyu ta ƙarƙashinta, ɗaya a ƙirji ɗaya gaban ƙafafun baya, kowa ya kama baki ɗaya. Saniya ce mai farin goshi, Wule suke kiran ta, ga ciki ya tsufa. Na ajiye sanda na sa hannu, muka ɗaga, ta yi tangaɗi, ta tsaya.

"Sannu, Na-Ilu," in ji Jauro, don haka yake kirana. "Yau ka zo da hannu mai albarka."

Malam Haruna ya tambaya ko kullum haka ake yi. Jauro ya share gumi ya ce, "Safe da yamma, Malam. Da rana za ta sake kwanciya. Dole mu tashe ta kafin rana ta faɗi, in ta kwana a ƙasa ciki zai kumbura, shi ke nan. Wannan ita kaɗai ta rage daga tsatson shanun mahaifina. In Allah ya sa ta kai ruwan farko, garke ya tashi."

Na yi ƙulli biyu, na rataya a gwafa, Jauro yana kallo. Muka shiga.

Wanda bai taɓa shiga Maƙogwaro ba zai ɗauka ƙari nake yi. Bangon dutse dama da hagu, in ka ɗaga kai sararin sama bai fi faɗin sawayen masaƙa ɗaya ba. A waje rana na ƙuna, a ciki sanyi kamar gindin randa. Rema na leƙowa daga tsagi tana komawa. Na hana Malam sa hannu a kowane rami, na nuna masa inda zai taka a wuraren da gansakuka ta kama. Tafki na farko ya bushe, na biyu saura taɓo. Da muka hau muka iso Idon Dutse, ga ruwa nan kwance baƙi ƙirin saboda zurfi, sai Malam ya tsaya yana kallo. Daga baya ya ce, "Malam Audu, ashe akwai irin wannan a ƙasarmu." Ya ɗauki hotunansa, muka yi alwala a gefe inda ruwa ke malala, muka yi azahar, na dama mana gumba.

Muna zaune ya hango ƙurar mota can ƙasa ta bayan dutsen. Ya ce wace hanya ce waccan. Na ce ta Kazaure ce, kuma ranar kasuwa ce, akwai motar da ke wucewa da la'asar. Ya cire takalmi ya nuna mini diddigensa, ya yi bororo har ya fashe. Ya ce, "A gafarce ni, ta nan ba a sauka? Da na samu motar nan da yau a Kazaure zan kwana, iyalina ba su san zan ƙara kwana ba. Amma in babu hali, mu koma ta inda muka zo."

Ku lura, bai matsa mini ba. Bai san komai game da igiya ba, ya ɗauka wata al'ada ce ta neman sa'a. Ana sauka ta bayan, kuma ta fi kusa nesa ba kusa ba. Kai shi ta nan ba laifi ba ne, diddigen nan ba zai iya Maƙogwaro a gangare ba. Na sauko da shi a hankali, muka iso bakin hanya, ba mu daɗe ba mota ta zo. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya, ya ce zai ba da labarina a Kano. Ya hau, suka tafi.

Laifin a nan ya fara. Na tsaya a bakin hanya la'asar ta yi, ga hanyar gida a miƙe, ga dutse a bayana. Ba mantawa na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Igiyar na raina sarai. Da na juya na hau a lokacin, da na gamu da mazan ruga tun ba su yi nisa ba, su koma kan aikinsu. Amma sai na zauna na yi wa kaina lissafi. Na ce Jauro ya san ni, ya san ban taɓa ɓata ba. Na ce a wannan shekara da shanu ke zubewa, wa zai bar garke ya shiga neman mutumin da ya san dutsen nan kamar ɗakinsa? Na ce ai ni da idona na ga Wule, ba za su bar ta ba. Gobe da sassafe in je in kwance, mu yi dariya. Na kama hanyar gida, na ci tuwo, na yi barcina.

Da safe tun daga nesa na hango ungulaye suna shawagi ta saman rugar. Na ƙara sauri. A can bayan garke na ga inda aka ja abu a ƙasa, na bi da ido, ga farin goshin nan.

Sambo ne ya fara ganina. Idanunsa sun yi ja, ƙafarsa ɗaure da tsumma. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ga ba ƙwarzane ko ɗaya a jikina.

"Ta ina ka fita?"

"Ta baya," na ce. "Na sa baƙon a mota."

"Ka kwana ina?"

"A gida."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "A gida. Mu kuwa har Idon Dutse muka kai. Sau uku ina nitsewa a ruwan nan ina lalube, ko gawarka zan taɓo. Mun kira sunanka har murya ta dushe. Da muka dawo ta riga ta kumbura. Mata ne kaɗai a gida, sun yi ta ja sun kasa, kuma babu namijin da zai sa mata wuƙa. Ko naman ba mu samu ba, Audu. Ita da ɗan cikinta."

"Sambo," in ji Jauro daga bayansa. Bai ɗaga murya ba. Sambo ya juya ya ba ni baya.

Na durƙusa gaban tsohon. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba. Na ce, "Baffa, ba mantawa na yi ba. Na ɗauka ba za ku shigo ba."

Ya dube ni. Ya ce, "Ka ɗauka."

Can na ce, "To, Baffa, me ya sa kuka shiga dukanku? Da biyu sun tsaya, ko yanka ta sun yi."

Sai ya nuna gwafan da haɓarsa. Igiyata na nan yadda na bar ta, raɓa ta jiƙa ta. Ya ce, "Ƙulli biyu muka gani, Na-Ilu. Mutum biyu, mutum huɗu ke ɗauko su. Da ɗaya ka ƙulla, da biyu sun tsaya."

Ya ce, "Tashi ka kwance abinka, mu ba ma taɓa ƙullin wani." Na tashi. Ramar ta sha raɓa ta ƙanƙame, sai da na sa haƙori. Ina gamawa na ce ya faɗi abin da zan yi, ina da tumaki, ina da gona. Ya girgiza kai, ya ce tunkiya ba ta haifar Wule. Ya ɗauko itacen nan na jiya ya miƙo mini baki ɗaya.

"Akwai wata ta kwanta can," ya ce. "Ƙafar Sambo ba za ta ɗauki nauyi ba. Kama."

Na kama. Daga ranar ban sake kai baƙo dutse ba sai da ruwa ya sauka. Kullum da asuba ina kan hanyar ruga, mu ɗaga na safe, in shiga saran ganye, mu ɗaga na yamma. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Sambo ya yi wata biyu bai amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Malam Haruna ya aiko mini da hoto daga Kano, ina tsaye a bakin Idon Dutse da sandata kamar wani sarkin yaƙi. Bai taɓa sanin abin da ya biyo bayan motarsa ba, ni ma ban aika masa ba, don ba shi ya yi ƙullin ba.

Ranar da na sake zuwa da baƙo na farko bayan saukar ruwa, na tsaya a gaban gwafan da igiya a hannu, na kasa ratayawa. Jauro yana tatsa, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Rataya mana. In ba ka fito ba, za mu shigo." Sambo na gefe yana riƙe da maraƙi, ya ce, "Ka dai fito."

Na ƙara shekaru da dama a aikin. Sau huɗu larura ta sa na sauke baƙo ta baya, kuma duk sau huɗun na juya na hau dutsen nan na gangara Maƙogwaro ni kaɗai, na kwance igiyata kafin la'asar sakaliya. Sau ɗaya da zazzaɓi a jikina.

Da na kai nan, saurayin da ya ce aikin yawo ne ya tambaye ni ko igiyar na nan. Na ce tana nan rataye a zaure, ya shiga ya gani. Ya shiga ya fito, ya ce to yaushe zan fara nuna masa hanya. Na ce hanya ba ta da wuya, damina uku ta isa. Amma na ce ya fara zuwa ya nemo mutum huɗun da za su bar abin da ke hannunsu su shigo nemansa. In ya same su, ya dawo mu yi magana.